Bita: Idan ka fasa tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa, nawa ke dawowa hannunka a Abuja?

Ofisoshin shirya tafiye-tafiye na Wuse 2 da Garki da Maitama, waɗanda a da tikitin jirgin sama da Umara kawai aka san su da shi, yanzu sun ƙara wata haja: hutun mako guda a cikin katafaren jirgin ruwa, da ɗaki da abinci da yawo daga wannan gari zuwa wancan, duk a kuɗi ɗaya. Babu ɗaya daga cikin manyan jiragen nan da ke ɗaukar fasinja daga Legas, balle Abuja da ba ta da teku. Sai mutum ya hau jirgin sama ya je ya tarar da shi. Da hunturu akan tashi daga Dubai ko Abu Dhabi ko Doha, ko kuma daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Da bazarar Turawa akan tashi daga Basalona ko Jenowa ko Marsai. Tun Disambar 2024 kuma akwai AROYA ta Saudiyya, wadda ta fara tashi daga Jidda, babu giya babu caca a cikinta, shi ya sa iyalai daga Arewa suka fara tambayarta.

Wannan bitar ba ta abinci ba ce ko kyan ɗaki. Ta ɓangaren da mai sayarwa ba ya son a daɗe a kansa ce, wato abin da ke faruwa da kuɗinka ranar da tafiya ta ƙi yiwuwa. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, ƙa'idar kamfanonin jiragen tana da tsauri amma a rubuce take, kowa na iya lissafa asararsa tun kafin ya biya. Inda ake cutuwa a Abuja shi ne tsakanin ranar da tara ke fara hawa da ranar da biza ke fitowa, sai kuma rasit ɗin naira da ejan ke bayarwa, wanda sau da yawa ba ya cewa komai game da dawo da kuɗi.

Biyan kuɗin kashi biyu ne. Da farko kafin alƙalami, wanda da shi ake riƙe maka ɗaki. Sannan cikon kuɗi, wanda ke da ranar da aka yanke masa. Wannan ranar ita ce ginshiƙin komai, domin daga ita tara ke fara aiki, kuma idan ta wuce ba ka cika ba, kwamfuta ce ke sakin ɗakin da kanta, babu mai kiranka ya ji uzuri. A ƙa'idar da kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ke bi a kasuwar Amurka, tafiya mai dare 5 zuwa sama ana cika kuɗinta saura kwana 90. Wanda ya fasa saura kwana 89 zuwa 75 ya bar kashi 25 cikin 100 na kuɗin ɗaki. Daga 74 zuwa 61 rabi ne. Daga 60 zuwa 31 kashi 75. Saura kwana 30 ko ƙasa da haka, kuɗin ɗakin ya tafi gaba ɗaya. Norwegian ta fi haka saurin ɗaure mutum, tana neman cikon kuɗi saura kwana 120. Kamfanonin MSC da Costa kuwa, kowace ƙasa da ake sayar da tikitinsu tana da nata jadawalin. Jirgi ɗaya, ɗaki ɗaya, rana ɗaya, amma wanda ya saya ta ofishin Ingila da wanda ya saya ta ofishin Afirka ta Kudu ba ƙa'ida ɗaya ke kansu ba. Saboda haka abin da ka karanta a shafin intanet na kamfani ba lalle ne shi ya hau kanka ba. Tambayar farko da za ka yi wa ejan ita ce ta wane ofishi ya kama ɗakin, kuma ya ba ka jadawalin wannan ofishin a rubuce.

Ga lissafi don a ga nauyin abin. A ce miji da mata sun kama ɗaki na dare 7, kuɗin ɗaki dala 900 kowanne, harajin tashoshi dala 150 kowanne. Jimla dala 2,100. Suka fasa saura kwana 50, a kan jadawalin da muka kawo. Tarar kashi 75 a kan dala 1,800 take hawa, wato 1,350. Abin da ya rage na ɗaki 450, a haɗa da harajin tashoshi 300, ya zama dala 750 ke dawowa. A lura da harajin nan da kyau. Kuɗi ne da kamfani ke karɓa a madadin hukumomin tashoshi bisa kowane kai da ya shiga jirgi, don haka wanda bai shiga ba akasari ana dawo masa da shi ko da tara ta kai ɗari bisa ɗari. Haka ma tukuicin ma'aikata da aka biya tun daga gida, da kuɗin intanet da na abin sha, da yawon gari da aka saya daga kamfanin jirgin, wanda yawanci ake iya sokewa saura awa 48. Mutane da yawa da zarar an ce musu "kuɗinku ya ƙone" sai su haƙura da duka, alhali akwai ɗaruruwan daloli da haƙƙinsu ne. Ejan na kirki shi zai tuna maka. Idan bai yi ba, ka nemi takardar sokewa daga kamfanin jirgin, wadda ke nuna abin da aka cire da abin da aka dawo da shi layi-layi.

Kafin alƙalamin ma iri biyu ne, kuma nan ne arha ke yaudarar ido. Akwai farashi mai rahusa wanda kafin alƙalaminsa ba ya dawowa ko da washegari ka fasa. Akwai mai ɗan tsada wanda ake dawo maka da shi cif idan ka janye kafin ranar ciko. Tallan da ke yawo a WhatsApp kusan kullum na farkon ne, domin shi ne adadin da ya fi daɗin gani. Ga Bature mai fasfon da ba ya neman biza, wannan rahusar ciniki ce mai kyau. Ga mai koren fasfo ba haka ba ne. Mu dai shawararmu ita ce duk wanda bizarsa ba ta hannu ya ɗauki mai tsadar, ya ɗauki bambancin a matsayin kuɗin kwanciyar hankali.

Yanzu biza, inda ya kamata a daɗe. Kamfanonin jiragen sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa takardun tafiya nauyin fasinja ne. An hana ka biza, ko ta makara, ko an ba ka wadda ba ta dace ba, duk a wurinsu fasawa ce daga ɓangarenka, kuma jadawalin tara ne zai yi hukunci. Ba sa duba cewa ba laifinka ba ne. To ga yadda ranakun ke cin karo. Bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ana iya neman ta tun saura wata 6 a tashi. A ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kai wa kwana 45, kuma wannan lissafin daga ranar da ka miƙa takardu yake farawa, ban da makonnin jiran a ba ka rana, wanda yakan yi tsawo daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da kowa ke son Turai. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar karɓar takardu, kuma ba ya dawowa idan an ƙi.

A ce jirgi zai tashi daga Basalona ranar 20 ga Yuli. Ranar ciko ta kwana 90 ta faɗo 21 ga Afrilu. Ƙofar neman biza ta buɗe tun wajen 20 ga Janairu. Wanda ya kama ɗaki a Disamba ko Janairu, ya miƙa takardunsa a Fabrairu, zai san matsayinsa kafin ranar ciko, kuma idan an ƙi shi sai ya janye bai bar komai ba sai kuɗin biza, muddin kafin alƙalaminsa mai dawowa ne. Wanda kuwa ya ga talla a watan Mayu, dole ya biya duka nan take domin ranar ciko ta riga ta wuce, ya sami ranar miƙa takardu a tsakiyar Yuni, amsa ta zo a farkon Yuli. Idan ta zo ba daɗi, yana cikin kwana 30 na ƙarshe, babu abin da zai gani sai harajin tashoshi. Tikiti ɗaya ne, farashi ma wataƙila na biyun ya fi arha, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Duk ofishin da ke sayar wa marar biza tafiyar Turai saura wata 2 ba tare da ya faɗa masa wannan ba, bai yi masa adalci ba. Wani abin kuma, wasu ofisoshin jakadanci suna son ganin shaidar an biya tafiyar, ba takardar riƙe ɗaki kawai ba. Biyan duka da wuri ba ya jawo tara, muddin farashin mai dawowa ne kuma ka janye kafin ranar ciko, don haka ana iya biya a miƙa shaidar hankali kwance.

Akwai kuma kuskuren yawan shiga. Jirgin da ya tashi daga Italiya ya tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro sannan ya dawo, ya fita daga yankin Shengen ya sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya tsayar da shi a bakin tasha tun ranar farko, ga biza a fasfo, ga jirgi a gabansa. Dole a bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya a tambayi abin da kowacce ke nema daga ɗan Najeriya, ko da mutum ya ce shi ba zai sauka ba, domin hukuma na ɗaukar duk wanda ke cikin jirgin a matsayin ya shigo ƙasar. Na Durban yana taɓa Mozambik, na Dubai yakan taɓa Katar ko Bahrain ko Oman. Afirka ta Kudu kuma tana neman katin rigakafin shawara daga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara ƙirguwa sai bayan kwana 10.

Sauran dalilan da ake mayar da mutum daga bakin jirgi ba tare da ko sisi ba sanannu ne: fasfon da bai kai sauran wata 6 ba bayan ranar dawowa, sunan da ke tikiti ya saɓa wa na fasfo, jaririn da bai kai wata 6 ba, da juna biyun da zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare. Wannan na ƙarshen ya shafi amare ƙwarai, domin ana yawan kama ɗakin tun ana shirin biki, wata bakwai ko takwas kafin tashi. Da an tabbatar da ciki a ƙirga makonni a kan ranar sauka, a janye ko a ɗaga tun tara ba ta yi nauyi ba.

Jirgin sama shi ma nasa daban. Idan kai ka sayi tikitinka daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul, ka makara, jirgin ruwa ba ya jira, kuma ana rubuta ka a wanda bai zo ba, tara ɗari bisa ɗari. Lokacin Dubai da Durban ya zo daidai da hazon Disamba da Janairu, lokacin da jiragen cikin gida ke yawan jinkiri ko sokewa. Wanda zai taso daga Jos ko Kano ko Yola ya kwana a Abuja, sannan kowa ya isa garin tashar aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, biyu ya fi. Kuɗin otal na dare ɗaya ba ya kama ƙafar abin da ake karewa. Haka kuma idan kamfanin jirgin ruwan ne ya soke tafiyar, tikitin saman da ka saya a gefe ba dolensa ba ne, sai dai abin da ya ga dama ya taimaka da shi.

Idan mutum ɗaya ne cikin biyu ya fasa, kada a yi gaggawar cire sunansa. Ana sa farashin ɗaki ne bisa mutum biyu, saboda haka wanda ya rage ana iya sake yi masa lissafi ya biya kuɗin zaman kaɗaici a kan tarar da aka riga aka ci abokinsa. Sau da yawa ya fi sauƙi a sauya suna, ƙanwa ta maye gurbin yaya, a biya ɗan kuɗin sauyi. Yawancin kamfanoni na yarda muddin ɗaya daga cikin sunayen farko ya tsaya, kuma suna rufe wannan ƙofar idan tashi ya matso.

To idan laifin daga kamfani ne fa? Nan suna da ɗan kirki, amma sai ka san bambancin sokewa da sauya hanya. Idan an soke tafiyar ɗungurungum, kana da zaɓi tsakanin kuɗinka da takardar ajiya wadda za ka yi wata tafiyar da ita. A 2020 da korona ta tsayar da jirage, kamfanoni da dama sun riƙa ba da takardar ajiya ta kashi 125 don mutane su bar kuɗinsu. Ƙarin yana da jan hankali, amma takardar tana da wa'adi, tana ɗaure da sunanka, kuma da ka karɓe ta ba kasafai ake yarda ka dawo ka ce kuɗi kake so ba. Ga wanda kowace tafiya sai ya sake neman biza, takardar da za ta mutu cikin shekara ɗaya ko biyu ba daidai take da kuɗi ba. Kuma kamfani na iya durƙushewa, kamar yadda Crystal Cruises ta yi a farkon 2022 da kuɗin mutane a hannunta. Karɓi kuɗinka. Sauya hanya kuwa, wato a tsallake wata tasha saboda iska ko tsaro, yarjejeniyar tikiti ta ba kyaftin wannan ikon, kuma abin da za ka gani bai wuce harajin tashar da kuɗin yawon garin ba. A 2024 hare-haren da ake kai wa jirage a Bahar Maliya sun sa kamfanoni da dama, har da MSC da Costa, sun soke ko sun karkatar da tafiye-tafiyen da za su ratsa can. Wanda ya saya saboda gari ɗaya tak da yake mafarkin gani, ya sani ba a yi masa alƙawarin wannan garin ba.

Dokoki suna nan, sai dai kowacce da iyakarta. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen haɗaka ta ce a dawo da kuɗi cikin kwana 14, ta ba fasinja damar janyewa kyauta idan an ƙara farashi sama da kashi 8 cikin 100, ta kuma ba shi damar miƙa wa wani gurbinsa idan ya sanar saura kwana 7. Amma tana aiki ne a kan abin da aka sayar a kasuwar Turai, ba kowane jirgin da ya tashi daga Turai ba. A Amurka, hukumar kula da sufurin teku ta kafa ƙa'ida a 2022 cewa sokewa ko jinkirin kwana 3 zuwa sama na ba fasinja haƙƙin kuɗinsa, ga jiragen da ke ɗaukar mutane daga tashoshin Amurka. Dokar kare masu saye ta Afirka ta Kudu ta 2008, sashe na 17, ta hana cin tarar fasawa idan dalilin shi ne rasuwa ko kwanciya asibiti na wanda aka kama wa gurbin, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi ga wanda aka kama masa ɗakin Durban ta ofishin can. A gida, sashe na 120 na dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ya ba mutum damar soke abin da ya yi odarsa tun da wuri, a cire masa abin da hankali zai ɗauka. Hukumar gasa da kare masu saye ta tarayya, FCCPC, tana nan Abuja tana karɓar ƙorafi. Hannunta ba zai kai hedikwatun kamfanonin jiragen a Janiba ko Miyami cikin sauƙi ba, amma yana kai wa ga ejan da ke Wuse, kuma shi ne wanda ya karɓi nairarka.

Ejan ɗin ne ma rabin bitar nan. Kamfanin jirgi yana mayar da kuɗi ta hanyar da suka zo. Idan ejan ne ya biya da katinsa ko asusunsa, wurinsa za su koma, da dala ko Yuro, kai kuma ka jira alat. Tambayoyi uku ke tasowa nan, kuma kusan babu rasit ɗin da ke amsa su: da wane kuɗi za a biya ka, a kan canjin wace rana, cikin kwana nawa. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Koma ga dala 750 ɗin can. Idan ka biya lokacin canji na 1,500 aka dawo da su yana 1,600, akwai naira 75,000 tsakanin lissafin biyu, kuma idan naira ce ta ƙara daraja, kai lissafin ranar dawowa zai cuta. Mafi tsafta shi ne a yi komai da dala, daga asusun dalarka zuwa na kamfanin ejan, ba na wani ma'aikaci ba, a rubuta cewa da dala za a dawo. Wanda ya fi wannan ma shi ne ejan ya kama ɗakin, kai ka biya kamfanin jirgin kai tsaye da katinka. Ta haka kuɗin zai dawo gare ka ba tare da ya ya da zango ba, kuma kana da damar kai ƙorafi banki a janyo kuɗin idan ba a yi hidimar ba, abin da tiransifa ba ta ba ka. Ladan ejan yana nan ko ta wace hanya, domin daga kamfanin jirgin yake karɓa. Idan yana da nasa kuɗin hidima ko kuɗin sokewa a kan na kamfani, ba laifi ba ne, aiki ya yi, amma ya rubuta adadin tun ranar farko. A duba kuma ko ofishin ɗan NANTA ne, ƙungiyar ofisoshin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, don a sami inda za a kai ƙara kafin a je hukuma.

Abu ɗaya da ba a sassautawa a kansa shi ne lambar rajistar ɗaki. Cikin kwana ɗaya ko biyu da biyan kafin alƙalami ya kamata ka sami lambar daga kamfanin jirgin, ka shiga shafinsu da ita ka ga sunanka da ɗakinka da abin da aka biya da abin da ya rage. Idan ka cika kuɗi, ka sake shiga ka ga ragowar ta koma sifili. An sha samun inda mutum ya ba ejan ciko a kan lokaci, ejan ya riƙe yana jiran canji ya sauka, ranar ta wuce, ɗaki ya tafi da kafin alƙalamin.

Inshora kuwa, wadda ake saya don biza a nan galibi ta jinya ce, mai rufe Yuro 30,000 da Shengen ke nema. Ba ta biyan tarar fasa tafiya sai idan an rubuta hakan a ciki da adadinsa, kuma ko an rubuta, yawanci rashin lafiya mai takardar likita ko rasuwar na kusa take ɗauka, ban da ƙin biza, ban da ciwon da aka san da shi tun kafin a saya. Irin wadda ake fasawa bisa kowane dalili takan mayar da wajen kashi 75 ne, sau da yawa a takardar ajiya, kuma da yawanta mazauna Amurka kawai ake sayar wa. Kafin ka biya ko wacce, ka sa mai sayarwa ya nuna maka layin da ya ambaci ƙin biza da yatsansa.

Ranar da ka yanke shawarar fasawa, ranar za ka aika, ta imel, da lambar rajista da sunayen da za a cire, ka kuma kira ka tabbatar an shigar. Ana ƙirga tara ne daga ranar da saƙon ya isa kamfanin jirgin a lokacin aikinsu, ba ranar da ka faɗa wa ejan a waya ba. Wanda ya sanar da yammacin Juma'a saura kwana 62, ejan bai tura ba sai Litinin, ya faɗo daga rabi zuwa kashi 75, kuma a lissafinmu na sama wannan ƙarshen makon kaɗai ya ci dala 450.